"Na amsa laifina": yadda kalma ɗaya ke rufe wa mutum ƙofa a kotunan Amurka, da sakin talalar da ke biyo baya

Jama'a da yawa in an ce shari'a a Amurka abin da ke zuwa musu a rai shi ne babban ɗaki, ga mutum goma sha biyu na juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin, zaune a gefe, lauyoyi suna ta kai-komo ana kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya har a kai ga gaskiya. To wannan fa ba shi ne abin da ke faruwa kullum ba, ba ma kusa ba. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka da bakinta, a hukuncin shari'ar Missouri da Frye, ta kawo lissafin cewa kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka kama da laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a kotunan jihohi, ba a yi musu wannan doguwar shari'ar ba sam, amsa laifi suka yi. Wato ciniki aka yi tsakanin lauyan gwamnati da lauyan wanda ake tuhuma, ka amsa kaza mu janye kaza, ka amsa yau mu roƙa maka shekara biyar maimakon ashirin.

Abin da ke damuna a lamarin, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne abin da ke zuwa bayan an amsa ɗin. Mutum ya amsa, an kai shi gidan yari, can bayan wata shida ko shekara ya gane an yaudare shi ko lauyansa ya ba shi shawarar banza, sai ya ce zai ɗaukaka ƙara. Nan ne zai tarar da cewa ƙofar da yake tsammanin tana buɗe, shi da kansa ya ja ta ya rufe ranar da ya ce "e".

Bari mu shiga cikin ɗakin kotun a ranar. Mutumin yana tsaye da kayan fursuna, lauyan da gwamnati ta ba shi yana gefensa riƙe da fayil-fayil na wasu mutanen da yawa da su ma ke jiran layi. An rantsar da shi. Alƙali ya fara jero tambayoyi kamar yadda ya jero wa na gabansa: Ka sha wani abu yau da zai gusar maka da hankali? A'a ranka ya daɗe. Akwai wanda ya tilasta maka? A'a. Akwai wanda ya yi maka wani alkawari ban da wanda ke rubuce a takardar nan? A'a. Ka gamsu da aikin lauyanka? E. Ka san in ka amsa ka yafe haƙƙinka na zuwa gaban juri, da haƙƙin yi wa masu shaida a kanka tambayoyi, da haƙƙin yin shiru? E na sani. Mai ɗaukar bayanan kotu yana buga kowace kalma. Ba a daɗe ba an gama, a kira na gaba.

Waɗannan tambayoyin asalinsu don kare mutum aka kawo su. A 1969 ne aka yi shari'ar Boykin da jihar Alabama, wani matashi baƙar fata da ya amsa laifin fashi guda biyar a garin Mobile aka yanke masa hukuncin kisa, alhali takardun kotu ba su nuna alƙali ya yi masa tambaya ko ɗaya ba. Kotun Ƙoli ta ce ba zai yiwu ba, dole ya fito a rubuce cewa mutum ya amsa da son ransa kuma ya fahimci abin da yake yafewa. Madalla. Sai dai ita wannan kariyar ce ta koma igiyar da ake ɗaure mutum da ita daga baya, don a 1977 kotun ta ce maganar da ka faɗa a bainar kotu ana ɗaukarta gaskiya ce mai nauyi wadda ba a ture ta da sauƙi. Ka zo bayan shekara biyu ka ce lauyana ya raɗa min a kunne cewa shekara uku kawai zan yi, sai alƙali ya buɗo shafi ya karanto maka: ba kai ka rantse cewa ba wanda ya yi maka alkawari ba? Magana zarar bunu ce, kuma a can ana adana bunun a fayil.

Wani zai ce to ai mai gaskiya ba ya amsa laifin da bai yi ba. Wallahi yana amsawa, kuma dalilin a fili yake. Ku dubi Paul Hayes na jihar Kentucky. Cek na jabu ya rubuta, dala 88 da santi 30, laifin da hukuncinsa ke tsakanin shekara biyu zuwa goma. Lauyan gwamnati ya ce ka amsa in nema maka shekara biyar, in kuwa ka ƙi zan koma in tuhume ka a ƙarƙashin dokar masu maimaita laifi tunda kana da tsofaffin laifuka biyu. Hayes ya ƙi, aka yi shari'a, aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A 1978 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce lauyan gwamnatin bai saɓa wa tsarin mulki ba. Duk wanda ke zaune a kurkuku yana jiran shari'a ya san irin wannan labarin ko da bai san sunan Hayes ba, ya san cewa ƙin amsawa yana da farashi. Brian Banks yana ɗan makarantar sakandare a Kalifoniya, ɗan ƙwallo da manyan jami'o'i ke zawarci, aka yi masa ƙazafin fyaɗe a 2002, aka nuna masa cewa in ya je gaban juri ya faɗi zai iya shan shekara 41 zuwa rai da rai, sai ya karɓi ciniki. Ya yi sama da shekara biyar a ɗaure, ya fito da na'urar bin sawu a ƙafa, sai a 2012 aka wanke shi bayan wadda ta yi ƙarar ta amsa cewa ƙarya ta yi. Har ma akwai wani salo da kotu ta halatta tun 1970 a shari'ar Henry Alford na Karolina ta Arewa, inda mutum zai ce ni ban aikata ba amma na amsa saboda tsoron hukuncin kisa, kuma a karɓa. Shekara 30 aka ba Alford. Gaba kura baya siyaki kenan.

To yanzu an amsa, me ya rage?

Abu na farko, kusan duk wani kuskuren da aka yi kafin ranar amsawar ya wuce. An bincike motarka ba bisa ƙa'ida ba, an matsa maka a ofishin 'yan sanda, an zaɓi waɗanda suka tuhume ka da son kai, duk wannan a 1973 kotu ta ce amsa laifi ya yanke igiyar, ba za ka dawo da su ba. Na biyu, takardar cinikin kanta sau da yawa tana ɗauke da sakin layin da ke cewa ka yafe haƙƙin ɗaukaka ƙara. A wasu jihohin ma ba sai an rubuta ba, kamar Misisipi inda doka ta ce wanda ya amsa laifi ba shi da ɗaukaka ƙara kai tsaye. Abin da ya rage masa ƙaramar ƙofa ce ta baya, wato sabuwar ƙara da zai shigar bayan an gama shari'a yana neman a warware hukuncin, kuma mafi yawan lokaci a gaban kotun da ta ɗaure shi ɗin zai fara kaiwa. A Misisipi shekara uku yake da ita daga ranar hukunci. In kuma kotun tarayya zai je, dokar 1996 da Bill Clinton ya sa wa hannu bayan harin bam na Oklahoma ta ba shi shekara ɗaya tak, da ƙa'idojin lissafin kwana masu rikitarwa da ko lauyoyi kan yi tuntuɓe a kansu. Sannan ga babban tashin hankalin, tun 1987 Kotun Ƙoli ta ce a wannan matakin tsarin mulki bai wajabta wa gwamnati ta ba ka lauya ba. Don haka mutumin da watakila ko sakandare bai gama ba, shi zai zauna a ɗakin karatun gidan yari da biro da fom yana ƙoƙarin gamsar da alƙali cewa lauya mai digiri ya yi kuskure.

Kuma ko kuskuren ya tabbata bai isa ba. Ma'aunin da aka kafa a 1984 aka kuma ɗora shi kan masu amsa laifi a 1985 hawa biyu ne: ka nuna aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga lauya mai hankali, sannan ka nuna cewa da ba don kuskuren ba da ba ka amsa ba, da ka dage sai an je gaban juri. Wannan na biyun shi ke kayar da mutane, don ta yaya za ka kawo shaidar abin da ke zuciyarka shekarun baya?

Ba wai ba a taɓa cin nasara ba. Tun 1971 an ce in lauyan gwamnati ya yi alkawari a cikin ciniki dole ya cika. A 2019 an ce ko ka sa hannu kan yafe ɗaukaka ƙara, in ka ce wa lauyanka ya shigar ya ƙi, to ya gaza. Amma wadda ta fi shafar 'yan'uwanmu da ke zaune a can, irin mutanen Gana da Nijar da Najeriya da suka cika unguwar Bronx a New York suna tuƙin tasi da sauran neman halal, ita ce shari'ar Jose Padilla ta 2010. Ɗan asalin Honduras ne, ya fi shekara 40 a Amurka da takardar zama ta dindindin, ya yi musu yaƙin Biyetnam, direban tirela ne. Aka kama shi da wiwi mai yawa a motarsa a Kentucky, lauyansa ya ce masa kada ya damu da maganar takardun zama tunda ya daɗe a ƙasar. Ya amsa. Ashe laifin da ya amsa ɗin korarsa daga ƙasar kusan dole ne. Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba cewa amsawarsa na iya jawo a tasa ƙeyarsa. Bayan shekara uku sai ta ƙara da cewa wannan hukuncin bai shafi waɗanda shari'arsu ta riga ta kammala kafin 2010 ba, su kam ihu bayan hari. A 2017 kuma ga Jae Lee, an kawo shi daga Koriya ta Kudu yana ɗan shekara 13 a 1982, yana da gidajen abinci biyu a wajajen Memphis, ya yi ta tambayar lauyansa za a kore ni? lauyan yana ce masa a'a. Hujjar da gwamnati ke da ita a kansa mai ƙarfi ce ƙwarai, amma kotu ta yarda cewa mutumin da duk rayuwarsa ke nan zai iya zaɓar ya gwada sa'arsa a gaban juri ko da damar kaɗan ce, tunda amsawa kora ce tabbas. Duk mai ɗan'uwa a can ya riƙe wannan, in an kawo masa takardar ciniki, ko da an ce ba zai kwana a kurkuku ba, ya tambayi lauyan da ya san dokar shige da fice kafin ya sa hannu.

Yanzu ɓangare na biyu, wanda ni a ganina ya fi na farkon ciwo saboda mutane ba sa lissafa shi lokacin ciniki. Alƙali zai ce misali shekara goma sha biyar, ka yi biyar a ciki, sauran an dakatar, sannan shekara biyar ta sa ido bayan ka fito. Kunnen mutum biyar ɗin farko kawai yake ji. Amma wancan sa idon shi ne abin da Bahaushe ke kira talala, an sassauta igiya amma tana wuya. Ka riƙa kai kanka ofis wajen jami'in da ke kula da kai, ka ba da fitsari a gwada, kada ka bar yanki sai da izini, kada ka yi hulɗa da masu tsohon laifi ko da kuwa unguwarku cike take da su, ka samu aiki alhali kowane fom na neman aiki yana tambayarka ko an taɓa ɗaure ka, ka biya tara, a jihohi da dama har kuɗin sa idon kai za ka riƙa biya duk wata. A Kalifoniya kotu ta yarda tun 2006 ɗan sanda ya caje wanda ke kan irin wannan sakin ba tare da ko zargi ba. A ƙarshen 2022 manya kusan miliyan 3.7 ne ke ƙarƙashin wani nau'in sa ido a Amurka, sun fi waɗanda ke cikin gidajen yarin yawa nesa ba kusa ba. Tsugune ba ta ƙare ba.

A tsarin tarayya dokar 1984 ce ta soke tsohon tsarin sakin fursuna kafin wa'adinsa ta kawo wannan sa idon da ke zuwa bayan ka gama zaman, da nufin wai a taimaka wa mutum ya koma cikin jama'a. In aka soke shi za a iya mayar da kai har shekara biyar ko uku ko biyu ko ɗaya gwargwadon girman laifin farko, kuma shekarun da ka yi a waje kana bin doka ba a rage maka su.

Wajen sokewar ne za ka ga bambancin. Babu juri. Ba a buƙatar hujjar da ta kawar da duk wani kokwanto kamar a shari'ar laifi, abin da ake nema kawai ma'auni ya ɗan rinjaya cewa ka saɓa, ko da da ƙyar ne. Saboda haka ana iya kama mutum da sabon zargi, a janye zargin ko ma juri ta wanke shi, amma alƙali ya mayar da shi gidan yari a kan wannan zargin dai, don ma'aunin ba ɗaya ba ne. Hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike ma a 1998 kotu ta ce ana iya amfani da ita a zaman hukumar sakin fursunoni. Kariyar da ake da ita ta fito ne daga shari'o'i biyu, Morrissey a 1972 da Gagnon a 1973: a ba ka sanarwa a rubuce, a nuna maka hujjar, a saurare ka, ka kawo shaidunka, ka yi wa nasu tambaya sai in akwai dalilin hanawa, mai yanke hukuncin ya zama ba shi da ɓangare, kuma ya rubuta dalilinsa. Lauya kuwa ba dole ba ne a kowane hali, an bar shi gwargwadon yadda lamarin yake, duk da cewa dokar tarayya da ta wasu jihohi sun ba da shi.

Labarin Danny Bearden na jihar Jojiya shi ne nake ganin ya fito da abin ƙarara. Ya amsa laifin fasa wuri da karɓar kayan sata, aka ce ba za a ɗaure shi ba amma ya biya tarar dala 500 da diyyar dala 250. Dala 100 a ranar, 100 washegari, sauran 550 cikin wata huɗu. Ya je wajen iyayensa ya ranto dala 200 ya biya. Bayan kamar wata guda aka sallame shi daga aiki. Mutumin ko karatu bai iya ba, ya yi ta yawon neman aiki bai samu ba, da lokacin biya ya matso shi da kansa ya je ofis ya gaya musu cewa zai makara. Aka soke sakin aka kai shi gidan yari. Sai a 1983 Kotun Ƙoli ta ce haba, ba a ɗaure mutum don talauci kawai, dole alƙali ya bincika ko da gangan ya ƙi biya ko kuwa ba shi da shi ne. Hukuncin yana nan har yau, amma aiki da shi ya dogara ga alƙalin da ke zaune ranar, da kuma ko akwai wanda zai tuna masa.

Kuma ba tsirarun mutane ake magana ba. Wani bincike na cibiyar shari'a ta Majalisar Gwamnatocin Jihohi a 2019 ya nuna kashi 45 cikin ɗari na masu shiga gidajen yarin jihohi saɓa sharaɗin sa ido ne ya kai su, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk masu shigar ba sabon laifi suka yi ba, irin su rashin zuwa ofis ne ko faɗuwa gwajin ƙwaya. Ka yi tunanin wanda ba shi da mota a ƙauyen da babu bas, ofishin yana wani gari, in ya je ya rasa aikin yini in bai je ba ya saɓa sharaɗi.

An ɗan fara gyara, gaskiya. Misisipi a 2014 ta yi dokar da ta sa iyaka ga ƙananan saɓawa, kwana 90 a karon farko, 120 a na biyu, a wata cibiya ta daban, a na uku kuma kwana 180 ko alƙali ya ɗora ragowar hukuncin, sai dai wanda ya yi sabon babban laifi ko ya ɓace wata shida bai kai kansa ba, shi kam ana iya ɗora masa duk ragowar shekarun da aka dakatar. A 2019 Kotun Ƙoli ta duba lamarin Andre Haymond, wanda asalin ɗaurinsa wata 38 ne amma da aka soke sakinsa doka ta tilasta wa alƙali ya ba shi aƙalla shekara biyar ba tare da juri ba, ta ce wannan sashen ya saɓa wa tsarin mulki. A 2025 kuma ta ce alƙalin tarayya ba zai soke saki don ramuwa kan laifin farko ba.

To in an soke maka ba bisa ƙa'ida ba fa? A kotun tarayya kana iya ɗaukaka ƙara, amma kotun sama ba ta cika taɓa abin da alƙalin ƙasa ya gani da idonsa ba. A Misisipi umarnin sokewar ma ba a ɗaukaka ƙara a kansa kai tsaye, sai ka bi ta waccan ƙofar bayan dai, kai kaɗai da bironka, duk da cewa doka ta cire wannan koken daga wa'adin shekara ukun. Abin da mutane ke kai wa yawanci iri ɗaya ne, ba a yi min zaman sauraro na farko ba, ba a ba ni sanarwa ba, ba a ba ni lauya ba, kuskuren ƙarami ne bai kai a ba ni dukan shekarun ba. Amsar da suke samu ita ma kusan iri ɗaya ce, ai ka sa hannu a takardar yafe zaman, ai ka amsa da bakinka a gaban alƙali cewa ka saɓa, ai ba ka tayar da wannan maganar a ƙasa ba. Wato amsawa ta biyu ta sake rufe ƙofa kamar yadda ta farko ta yi.

Sai kuma lokaci. Ƙara tana iya ɗaukar shekara ɗaya ko biyu kafin a saurare ta, ɗaurin sokewar kuma wani lokacin bai kai haka ba. Randy Spencer na jihar Missouri ya shigar da ƙara a kotun tarayya yana cewa an soke sakinsa ba tare da bin ƙa'ida ba, aka yi ta ɗage-ɗage ana ba gwamnati ƙarin lokaci, har wa'adinsa ya ƙare kafin alƙali ya duba. Da maganar ta isa Kotun Ƙoli a 1998 sai aka ce ai babu sauran abin da za a yanke hukunci a kai tunda ya riga ya gama zaman, kuma tabon sokewar da ke cikin fayil ɗinsa bai isa ya riƙe ƙarar a raye ba. Ba a taɓa ce masa yana da gaskiya ko ba shi da ita ba, an dai rufe fayil ɗin.